Ƙwan da Na Bari a Gurbin Gingima

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa hawa bisa hawa, ya binne abin da ya binne, ya tono abin da ya ga dama. Ku matso kusa, masu son labarin nesa, ku ba ni kunne, ni kuwa in ba ku abin da ya tsaya mini a wuya shekara goma sha ɗaya. Ni ne Nomau ɗan Cindo, mutumin Kwargaba ta ƙasar Sansami, kuma ba ni da wata sana'a sai kiwon zabi. Na ga gingima da idona, dabbar da ba a taɓa yin mai girmanta a bayan ƙasa ba, wadda na gani kuwa ita ce ta ƙarshe. Na same ta da ƙwai ashirin da huɗu a gurbi, su ne iyakar abin da ya rage wa zuriyarta. Abin da ya sami ƙwan nan shi ne labarina.

Mafarin abin rijiya ce. Yayana Arzika mahaƙi ne, wata rana da rijiya ta kai zurfin gaba goma sha bakwai daginsa ya daki wani abu ya yi ƙara. Sai da aka ɗaura shanu biyu aka jawo shi waje. Ƙashin cinya ne, ya fi mutum biyu tsawo, ya riga ya zama dutse. Gari ya taru a kansa ana musu. Wannan ya ce giwa ce, wancan ya ce mutanen zamanin da ne, ladan ya ce a mayar da shi inda aka samo shi kowa ya huta. Ni kuwa na tsuguna a kan wani guntun ƙashin wuya da ya fashe, na ga cikinsa ramuka-ramuka, irin wanda nake gani in na tauna wuyan zabo. Na ce, "Jama'a, wannan fa dangin kaza ne." Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, aka ce zabi sun tsince mini hankali.

Yaya Arzika bai yi dariya ba. Abinci ma ya daina shigar masa. Ya ce da ni, "Nomau, abin da ya kai wannan girma, me ya iya ƙarar da shi? Da zan sani, da na mutu da kwanciyar rai." Rijiya ta riga ta cinye masa gwiwoyi, ko kasuwa sai a kan jaki. Na ce, "Yaya, zan je in tambayo maka." Rabi don tausayinsa na faɗa, rabi don haushin dariyar da aka yi mini. Na bar masa zabina, na ɗauki sanda da gora da dogon ludayin da nake kwasar ƙwai da shi, na kama hanyar gabas.

Duk garin da na sauka mahaƙan rijiya nake nema, in tambaye su ko sun taɓa cin karo da ƙashi, su nuna mini gaba. Wata biyar ina haka, har na isa Gangaren Toka, wani dutse da ya tsage tsaye kamar an yanka shi da wuƙa. A gindinsa na iske wani tsoho mai sassaƙa dutsen niƙa, sunansa Baba Gwadabe. Da ya ji tambayata, ya ja ni gaban dutsen, ya ɗora yatsa a kan wani siririn layi mai launin toka da ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Shekara hamsin ina yankan dutsen nan. Ƙasa da wannan zaren ƙashinsu ya ishe ni, har gudumata ya sha karyawa. Sama da shi kuwa, ko haƙori ɗaya ban taɓa gani ba."

Na ce, "To Baba, zaren mene ne?"

Ya ce, "Toka ce. Kakanni sun faɗa, dutse kuma bai ƙaryata su ba. Tauraro ne ya faɗo. Ramin da ya yi yana nan arewa, kwana uku ake yi ba a gama kewaye bakinsa ba. Waɗanda ke kusa wuta ta cinye su nan take, su ne suka yi sa'a. Toka ta tashi ta rufe rana shekara da shekaru. Ciyawa ta mutu, itatuwa suka bi ta. Masu cin ganye suka zube, masu cin nama suka yi ta biki a kan gawarsu har ta ƙare, sannan su ma suka kwanta."

Na ce, "Da haka ne ai da komai ya mutu. Tsuntsu da kada da ɓera daga ina?"

Ya ce, "Mai ƙaramin ciki ba ya saurin mutuwa, ɗana. Wanda tsabar ciyawa ke isarsa, da wanda ke da rami, da kada da ke iya wata shida bai ci ba, su suka ga dawowar rana. Girman da ya tsare su daga kowa, shi ya hana su ƙoshi."

Da na juya daga nan, da na koma gida da amsa mai tsabta. Amma tsohon ya ƙara da cewa bayan filin toka akwai Kwarin Tururi, inda zafi ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ganye bai mutu a can ba ko a wancan zamanin, kuma ana cewa sauransu na nan da rai. Ya ce in bar shi a ji kawai. Ni kuwa sai na cika gorata da ruwa.

Kwana takwas na yi a filin toka, ba inuwa ba tsuntsu. A rana ta tara da hantsi na shiga wani matsattsen kwazazzabo, na ga sawu a laka, yatsu uku a gaba, sak na zabo, sai dai ya kai faifai faɗi. Kafin in ɗago, masu sawun sun kewaye ni. Su biyar ne, kowanne tsayin jaki, a kan ƙafa biyu, da wutsiya miƙaƙƙiya da gashi dabbare-dabbare. Bakinsu cike da haƙora, kowace ƙafa da wani farce kamar lauje. Na riga na yi kalmar shahada, sai na lura da yadda suke kallona: su karkata kai, su dube ni da ido ɗaya, su juya su dube ni da ɗayan. Shekara talatin zabina na yi mini wannan kallon kowace safiya.

Na sa yatsu biyu a baka na yi kukan shirwa iyakar ƙarfina, na cilla malfata sama inuwarta ta gifta a kansu. Wallahi kamar an watsa musu ruwan zafi. Uku suka lafe a ƙasa, biyu suka faɗa kogon dutse, ni kuwa na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ban san wace irin shirwa ce ta koya wa kakanninsu wannan tsoron ba, ban kuma tsaya tambaya ba. Na fito ina haki ina dariya, ina cewa ina ma mutanen Kwargaba sun gani. Daga ranar na ɗauka cewa wanda ya san zabuwa ya san duk abin da ke wannan ƙasar.

Bayan kwazazzabon kwarin ya buɗe. Tururi na fitowa daga ƙasa nan da can, ga tafki a tsakiya, ga itatuwa masu ganye kamar gashin jimina. Na hangi wani tudu a bakin ruwa, na nufe shi don in huta, sai tudun ya ɗaga wuya. Wuyan ya fi giginya tsawo, kan da ke samansa kuwa bai fi na doki ba. Takan zage ganyen reshe gaba ɗaya ta haɗiye ba tauna, jim kaɗan ta sunkuyo ta tsinci duwatsu kamar dunƙulen hannu ta haɗiye su, su niƙa mata a ciki, yadda kaza ke yi da tsakuwa. Na durƙusa ina kuka, don ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kuma ya ba ni sha'awa lokaci guda kamarta ba.

Sai na ji murya a bayana. "Kai baƙo, in ka gama kukan, ɗauke gwiwarka daga rairayin nan. A kan 'ya'yan mutane ka durƙusa."

Wata tsohuwa ce busasshiya, riƙe da manjagarar itace. Sunanta Ladingo, ita ce mai tsaron gurbi, aikin da ta gada daga uwarta. Ita ta gaya mini sunan dabbar. Ta ce gingima sau ɗaya take ƙwai a shekara uku. Takan haƙa rami da ƙafar baya a cikin rairayi mai zafi, ta zuba, ta rufe, kullum kuma ta zo ta shinshina. Mutanen kwarin huɗu suke ɗauka a kowane gurbi, ba ƙari. Bana ashirin da takwas ta yi, an ɗauki huɗu. Ta ce, "Sanda nake budurwa garke ne. Ciwo ya ci wasu, laka ta haɗiye wasu." Ban tambaye ta nawa suka rage ba. Na ɗauka sauran na bayan tafki.

Ta kai ni gaban mai garinsu, Baushe. Gida arba'in ne duka garin, kuma tun daga ƙofa na gane halin da suke ciki. Gwazar da suke rayuwa da ita ta ruɓe a ƙasa shekara biyu a jere, sababbin kaburbura ƙanana sun yi layi a bayan gari. Baushe bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Baƙo, ba mu ƙi ka ba, amma a shekarar yunwa baƙo ruwa muke ba shi, mu mayar da shi ta inda ya shigo." Ta inda na shigo kuwa masu lauje a ƙafa ke jira, kuma na san ko zabuwa ba a ruɗinta da malfa sau biyu.

Tsoro ya buɗe mini baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuna binne yara ga abinci a ƙarƙashin rairayi?"

Ladingo ta ce, "Huɗu ne rabonmu, mun ci."

Na ciro ludayina na ce, "Inna, a garinmu muna da wata tsuntsuwa, zabuwa. In ta yi ƙwai, da wannan muke kwashewa don kada ta ji warin hannu. Mu bar mata ɗaya a fili inda za ta gani, mu yi masa alama da gawayi. Ta ga gurbi bai cika ba, ba ta kuwa gudu tunda ga nata nan, sai ta yi ta zubawa. Guda ɗaya takan ba ni tamanin a damina. Ku ci na farko, ku ci na biyu, na uku ku bar mata cif, ko rabonku na huɗu kada ku taɓa."

Ta ce, "Ba a barin ƙwan gingima a fili. Rairayi ne ke hura masa rai."

Na ce, "Ɗaya ne tak, Inna. Ɗaya a bakin rayukan gari." Na juya wajen mai gari na ce masa mu a wurinmu cewa muke ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ba su san kaza ba, ba su san akurki ba, amma baka sun gane shi sarai. Baushe ya ce, "Inna Ladingo, jikanki na cikin masu layin nan a bayan gari." Sai ta jingina manjagararta a bango.

Aka sassaƙa ƙaton ludayi a kan fasalin nawa, mutum biyu ke riƙe shi. Da gingima ta tafi kiwo muka tone gurbin, muka kwashe ashirin da uku, kowanne kamar tulu. Na zaɓi ɗaya na yi masa gicciye da gawayi, na bar shi a saman rairayi. Da aka fasa na farko a tukunya na ga jajayen zare sun baibaye gwaiduwar. Na san ma'anarsu, akwai rai a ciki. Na kau da kai na ce ai wasu na tafe.

Da yamma gingima ta dawo. Ta tone wurin da hanci, ta kewaye shi sau bakwai, ta yi wani nishi da na ji shi a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Sannan ta sa hanci a kan mai gicciyen ta daɗe. Bayan kwana ashirin ta zuba goma sha tara. Gari ya kaure da guɗa. Yara suka tashi suna gudu, aka raɗa mini suna Uban Ludayi, aka ba ni ɗaki kusa da na mai gari. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Muka kwashe waɗannan ma, muka sake barin mai gicciyen a fili.

Na uku sai da aka yi wata biyu, goma sha ɗaya kawai. Na taɓa ɗaya da ludayi na ji ɓawon yana lotsawa. Duk mai kiwo ya san wannan: uwar da aka matsa wa ƙwai, daga ƙashinta take zaro abin yin ɓawo, har ƙafa ta kasa ɗaukarta. Na sani tun a gida, ban kawo shi a raina ba sai ranar. Ladingo ta rufe su duka da rairayi, har da mai gicciyen.

Kwana shida bayan nan gingima na gangarawa tafki, cinyarta ta karye. An ji ƙarar har cikin gari. Ta faɗi rabi a ruwa rabi a tudu, ta yi kwana goma sha ɗaya tana mutuwa. Ladingo ta riƙa yanko ganye tana kai mata baki, ita kuwa kullum wuyanta na miƙe wajen gurbin, bai kai ba. Daga ƙarshe ta cika. Mai gari ya ce, "To, saura na rairayi. Allah ya raya mana su."

Da wata ya cika Ladingo na gyara gurbin, manjagara ta huda ɗaya. Na leƙa, ba jan zare ko ɗaya, sai gwaiduwa ruɓaɓɓiya. Na fasa na biyu da gangan, haka. Na uku, haka. Na yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko, wadda ko yaron goye a gidan masu kiwo ya san a yi ta.

Na ce, "Inna, ina namijin?"

Ta ce, "Wane namiji?"

"Namijin gingima. Ina sauran garken?"

Ta ce, "Wane garke? Su biyu suka rage, shi kuwa ya mutu wata guda kafin ta yi ƙwan farko. Ga haƙarƙarinsa can cikin ciyawa. Me ya haɗa shi da ƙwai? Ai rairayi ne uba."

Mutanen nan ba su taɓa kiwon ko tattabara ba. Tun kaka da kakanni abin da suka gani shi ne ƙwai ya shiga rairayi ya fito da rai, sai suka ba rairayi matsayin uba, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya mini. Na zauna daɓas na yi mata bayani. Kaza in zakara ya mutu takan riƙe abin da ya bar mata na ɗan lokaci, ƙwan farko su yi rai. Bayan nan za ta yi ta ƙwai, amma wofi ne. Na farkon nan ashirin da huɗu su kaɗai ne 'ya'ya, kuma mun soye ashirin da uku.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta durƙusa ta tono mai gicciyen da hannunta, ta ce, "Wannan na farko ne. Saurara mini, kai ne masani."

Na kara kunne, na ɗan girgiza shi. Na ji ruwa na kai da kawo a ciki. A gida irin wannan baragurbi muke ce masa, ƙwan da ya daɗe a gurbi ya lalace, jefa shi muke yi bayan danga. Wata uku ya yi a fili bisa umarnina, rana ta dake shi, ruwan sama ya dake shi. Na so in ce mata a ƙara masa kwana. Bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, babu."

Ta fasa shi da kanta. A cikin ruwa mai wari ga ɗan gingima nan bai fi tafin hannu ba, wuyansa a naɗe, da ƙafafunsa huɗu, har da wurin ido. Zafin da ke zuwa daga ƙasa ya riƙe shi ɗan lokaci, ya yi ta ƙoƙari shi kaɗai, sannan sanyi ya fi ƙarfinsa. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi, ta haƙa rami mai zurfi a inda rairayin ya fi zafi, ta rufe shi a hankali yadda aka koya mata. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Ranar da ka zo ka ce tambaya ka kawo. Ka sami amsar?"

Na ɗauki ludayina na koma gari. Baushe bai kashe ni ba, don yaransu da yawa ƙwan nan ne ya tsallakar da su. Ya haɗa ni da mutum goma masu mashi suka fitar da ni ta kwazazzabo. A ƙofar gari wata mata ta ɗaga ɗanta ta ce ya yi wa Uban Ludayi godiya, wannan kuwa ya fi mini duka ciwo. Ladingo ba ta zo ba. Na hango ta daga nesa tana share rairayin da manjagara.

Na iso Kwargaba bayan shekara biyu. Yaya Arzika na nan da rai, a kwance a zaure, ƙashin cinyar nan a jingine a bango. Bai ko bari na sha ruwa ba. Ya ce, "Nomau, me ya ƙarar da su?"

Na ce, "Tauraro ne ya faɗo, Yaya, toka ta rufe rana. Shi ya ci masu yawa."

Ya ce, "Masu yawa. Sauran fa?"

Na buɗe jakata na ciro ludayin, na ajiye a gabansa.

Nan labarina ya tuƙe. Allah ya jiƙan abin da aka binne, ya yafe wa mai faɗa.